Wankan Juma'a a Bakin Bahar Maliya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na yi a bakin Bahar Maliya, ko da kuwa tsufa zai kwashe min sunayen jikokina. Shekara biyu ke nan bayan juyin juya halin da aka yi a Masar. Na je Alkahira a cire min yanar ido, na sauka a unguwar Madinat Nasr wajen ɗana Habibu da ke karatun fiƙihu (shi ne na huɗu, saboda haka ina iya kama sunansa ba tare da bakina ya yi nauyi ba).

Ido na warkewa sai yaron ya fito da abin da ke cikinsa. Ya ga wata yarinya, Ihsan, 'yar Hausawan Sudan da ke zaune a unguwar Ard al-Liwa. Mahaifinta, Hajj Bashir, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi sai ya ga uban yaro, kuma ba a falo ba, don a falo kowa mutumin kirki ne. Sana'arsa kai Turawa yawon sahara a wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, to tun da aka yi juyi Turawan suka ɗauke ƙafa, motar na zaune tana shan ƙura. Ya ce mu uku mu tafi bakin teku daga Alhamis zuwa Lahadi, inda babu gida babu shago, a can zai ba da amsa.

A nan ya kamata mai karatu ya san matsayina a ilimi. Boko dai na bar shi a aji uku, kuma ba na jin ya yi kewata. Amma na zauna a zauren wani malami a Gumel har muka kusa gama babin tsarki, kafin kasuwar hatsi ta janye ni. Da wannan babin nake ta yi wa 'yan kasuwa fatawa har na tsufa, ba wanda ya taɓa ja da ni.

Muka bar kwalta bayan shingen sojoji na ƙarshe. Hajj Bashir ya sauka ya rage iskar tayoyi don kada yashi ya riƙe mu, muka yi ta kutsawa tsakanin duwatsu har waya ta daina kamawa. Da ya kafa tanti sai ya dafa wasu jarkoki biyu na ruwan sha a bayan mota ya ce, "Ya Hajj, wannan shi ne ranmu a nan." Na gyaɗa kai irin na manya. Ni dai teku nake kallo, ruwan da ya ci Fir'auna, ga shi a gabana yana lashe yashi kamar bai taɓa yin komai ba. Na ɗiba na ɗanɗana. Gishiri zalla.

Da asuba na ga abin da ya tayar min da hankali. Hajj Bashir da Habibu suka naɗe hannun riga, suka tsuguna a bakin teku suka yi alwala. Ni kuwa abin da na riƙe daga zaure shi ne, ruwan da ɗanɗanonsa ko launinsa ko warinsa ya sauya, ba a tsarki da shi. Baƙon mutum dai na yi masa uzuri, direba ne. Amma ɗana, da na turo ƙasar malamai? Na bi su sallah don kada a ce, sannan na zagaya bayan mota na sake tawa. Ba a gyara wa wanda ake neman 'yarsa da baki. Na ce a raina zan gyara musu a aikace, cikin hikima.

Da hantsi suka ɗauki ƙugiya suka bi gaɓa neman kifi, suka bar ni wai in huta. Na tuna Juma'a ce, kuma rashin masallaci bai kayar da wanka ba. Na sauke jarka na yi wankan da ban taɓa yin irinsa ba, kowace gaɓa sau uku, ban ha'inci ko ɗan yatsa ba. Na wanke rigata da teku ta fantsama wa. Na wanke daddumai, tunda da ƙafar gishiri aka taka su. Sai na hangi rawanin Hajj Bashir a rataye, irin nasu na Sudan mai tsawon likkafani, na ce surukuta ai da kyautatawa ake fara ta. Shi ma na wanke, na ɗauraye har sau biyu. Na shanya komai a jikin mota, na zauna ina jan carbi, ina jin kaina kamar wanda ya ceci al'umma.

Rana na tsaka suka dawo, leɓɓansu sun yi fari. Hajj Bashir mai ciwon suga ne, ƙishirwa ba ta yi masa da wasa. Ya kama jarka ta farko da ƙarfin mai ɗaukar nauyi, ta taso masa kamar kwali. Ya girgiza ta biyu. Abin da ya rage a ciki bai fi ya cika butar shayi ba. Ya dubi shanyar, ya dubi jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashina.

"Ya Hajj, ruwan fa?"

Da na yi shiru da an ce tsufa ne. Amma ina, sai na gyara zama na yi gyaran murya. Na karanta musu hukuncin tiryan-tiryan, har da ɗaga yatsa, na rufe da cewa sallar asubarsu ma akwai magana a kanta.

Hajj Bashir bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen Habibu ya ce, "Kai ne ɗalibi. Me malamanka suka ce?"

A lokacin ne na ga fuskar yaron, kuma a lokacin jikina ya ba ni cewa na yi ɓarna. Idan ya gaskata ni, ya yi wa addini ƙarya a gaban wanda ya san gaskiya. Idan ya ƙaryata ni, ya tozarta ubansa a gaban wanda yake son ya zama surukinsa. Ni na haƙa masa ramin nan da hannuna, ina tsammanin lada nake nema.

Ya durƙusa gaban Hajj Bashir, kansa a ƙasa, ya kira shi baffa da Larabci. "Ammu, abin da Baba ya faɗa haka yake a kan rijiya da tabki, idan wani abu ya faɗa ciki ya sauya su. Teku kuwa da gishirinta aka halicce ta, ruwanta mai tsarki ne, ana alwala da shi. A garinmu babu teku, ba wanda ya taɓa buƙatar wannan shafin. Ni da na karanta shi ya kamata in gaya masa tun a hanya."

Na dubi yashi ina fata ya buɗe, kamar yadda ruwan gefena ya taɓa buɗewa, in shige a rufe.

"Khalas, shi ke nan," in ji Hajj Bashir. "Yalla, maza a naɗe tanti."

Ragowar ruwan muka tilasta masa ya sha, shi ma sai da ya yi ta turo min. Kifin da suka kamo ba a ko gasa ba. Muka kamo hanya cikin zafin azahar, ya naɗa ɗanyen rawaninsa a ka yana tuƙi. Ni ina baya ina lissafin yadda zan gaya wa uwar yaron cewa na wanke auren ɗanta da jarka biyu.

Sai bayan la'asar muka ga kwalta, muka tsaya a wata rumfar masu manyan motoci. Hajj Bashir ya sha ruwa a hankali har idonsa ya dawo daidai. Na matsa kusa na ce, "Alhaji, laifin nawa ne ni kaɗai. Kada ya shafi yaron."

"Ma'alish, ba komai, ya Hajj," ya ce. "Na so in ga uba ne don in san ɗa, sai ka taƙaita min aiki. Wanda bai kunyata ubansa ba yana cikin ƙishirwa, ba zai kunyata 'yata ba yana ƙoshe. Na ba shi." Ya sake kurɓa, ya ƙara da cewa, "Amma ranar walima a can gefen shinkafa za ka zauna. Ruwa akwai masu kula da shi."

An ɗaura auren kafin in dawo gida. Har yau ina fatawa a kasuwa, don hali zanen dutse ne. Sai dai yanzu kafin in ɗaga yatsa nakan tambayi kaina ko hukuncin nan yana da shafi na gaba, wanda aka karanta ranar da na tafi awon gero.