Rasuwar Katin Tuƙin Usuman Na'ibi

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da ɗan guntun haushi, Malam Usuman Na'ibi na unguwar Bagdadiyya a Jidda, direban babbar mota a wata masana'antar tayil da ke Madinar Masana'antu, yana sanar da 'yan'uwa Takari da sauran abokan sitiyari rasuwar Katin Tuƙinsa. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, cikin Rajab na 1396, a kan teburin mudir Mahmud, manajan kamfani, bayan jinyar wata goma sha huɗu.

Kamfani ne ya haife shi, kuma duk wanda ba ya riƙe da irinsa ba ya taɓa motar kamfani. Kati ne mai kunya, kore shar, mazaunin aljihun ƙirji kusa da iƙama, takardar izinin zama. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai ɗan "faf" da yakan yi idan maigidansa ya buga shi a tagar mai gadi, don a san direba ne ya iso, ba lebura ba.

Cutar da ta kai shi ita ce ɗigo. Mudir ne ya zo da tsarin: kowane laifin hanya da rabonsa na jar tawada a bayan kati. Ƙarami ɗigo ɗaya ko biyu, babba uku zuwa huɗu. Ya kai sha biyu, halas, kati ya ƙare. Amma wanda ya shekara bai yi laifi ba, sai a goge masa duka.

Ciwon ya fara ne a Balad, tsakiyar gari, ranar da rumfar wani mai sayar da wake ta faɗo. Har yau Malam Usuman yana nan a kan cewa rumfar ce ta shigo hanya. Ɗigo biyu. Sai gudu a hanyar Makka, wai sallah yake sauri, ko da yake a wurin mai shayi aka same shi. Ɗigo huɗu. Sai danja, wadda masana suka yi saɓani a kan launinta: shi ya ce ruwan goro ce, sauran mutanen Jidda suka ce ja. Daga nan ƙananan zazzaɓi suka biyo baya har lissafi ya kai sha ɗaya, duk cikin wata uku.

A nan ne uwargida Zaituna ta zaunar da shi. "Malam, 'ya'ya biyar ne a bayan katin nan," in ji ta. "In ba ka jin tausayinsa, ka ji nasu."

Ya ji. Wata goma sha ɗaya yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. Jakin ruwa ya taɓa wuce shi, ya yi masa fatan alheri. Kowa ya sa rai marigayin zai tashi. Saura kwana goma sha tara a goge tawadar.

Sai ga Rafi'u, abokin aikinsa kuma surukin mudir, ya zo daidai tagar Malam Usuman a hanya ya danna ham, ya leƙo. "Yalla ya Hajiya, a ba maza hanya!"

Malam Usuman ya ce bai san lokacin da ƙafarsa ta taka totur ba. Abin da ya sani, ya riga Rafi'u isa ƙofar masana'anta, kuma ƙofar a rufe take. Mudir yana tsaye, da shayi a hannu, tayil na ta zubowa gabansa. Ya karɓi katin, ya ɗiga na ƙarshe. Katin Rafi'u kuwa, da aka yi tseren tare da shi, yana nan lafiya lau, ko mura bai yi ba. Wasu katunan an haife su da rigakafi.

Marigayin ya bar maigidansa, wanda yanzu yake lodin tayil a motar da a da yake tuƙawa, da Zaituna, wadda ta daina magana sai kallo, da hoto guda mai gashin baki.

An riga an yi jana'iza a aljihun tebur na biyu, hagu. Za a yi zaman makoki kwana uku a Bagdadiyya bayan la'asar, akwai gahawa da dabino. Masu zuwa da mota su taimaka, kada su ajiye makulli inda mai makoki zai gani.