An Auna Hannun Kaka

"…Lafiya lau, Kaka. Ya gajiyar hawa bene? Tun daga ƙasa nake jin gwiwoyinki suna sallama."

"Ai sun fi ki ladabi, Kumatu. Su sun yi sallama, ke ko tashi ba ki yi ba."

Mahaifiyata ke nan da 'yata. Daga ofis na biya na ɗauko tsohuwar, muka zo duba mai jego. Mijin yarinyar direban babbar mota ne, ya riga ya koma hanya. Ita kuwa kitso ne sana'arta, a hannun kakar nan ta koya. Tun da ta haihu hannunta na dama yake mutuwa, a asibiti aka ce ta sayi maɗaurin wuyan hannu, irin mai ɗan ƙarfe a ciki. Ni ta aika. Da muka isa kemis babu wurin ajiye mota, sai tsohuwa ta ce in zauna, ita za ta shiga.

Mun tarar da ita a doguwar kujera, jaririn yana barci a jikinta, tafin hannunta na dama a lanƙwashe a ƙarƙashin kansa. 'Yar kujerar da masu kitso suke zama an ɗora mata bahon wanki. A bayan ƙofa na ga an share fasasshen kofi an tara, ba a kwashe ba. Na nemi gefe na zauna. Tsohuwa ta gyara ɗan filonta mai tauri, wanda take tokare bayanta da shi duk inda ta je, ta jingina.

"Ina saƙona?" in ji yarinyar.

"Miƙo min angona tukuna."

"Angonki barci yake. In ya bar hannun nan, duk benen nan sai an san ya farka."

"Hannun da aka ce ya mutu? Ashe gawa ma tana raino."

"Ke da kike yawo da gawar haƙora a baki."

"Haƙorana sun yi aiki sun gaji. Naki hannun me ya yi? Latse-latsen waya ne ya kashe shi, na sha faɗa."

"Wayar da ban san inda take ba? Ki nemo ta, na bar miki."

"To wanki da ruwan sanyi ne."

"Dubi bahon can, Kaka. Ya yi kama da wanda aka taɓa?"

"Shi ke nan, son jiki ne. Ko kuwa ƙaton kan nan na dangin ubansa. Mu a gidanmu ba a haihuwar kai kamar tulu."

"Yanzu ya tashi daga ango ya koma tulu?"

"Tulun ma nawa ne. Me malaman asibitin suka ce?"

Yarinyar ta yi hamma har idonta ya kawo ruwa. "Nas ta ce kumburin ciki ne bai gama saɓewa ba. Wai akwai jijiya da ke bi ta wata 'yar matsattsiyar hanya a wuyan hannu, kumburin ya danne ta. Ga ni kuma kullum hannu a lanƙwashe ina tallafe kansa. Babban yatsa da biyu na kusa da shi, wani lokaci kamar ana tsira min allurai, wani lokaci kamar na wani ne. Ɗan ƙaramin ne kawai lafiyarsa lau."

"Auta ke nan. Ko a yatsu ba ya aiki, ba ya ciwo."

"Ta juya wuyana, ta ɗebi jinina. Ta ce wasu daga wuya yake sauko musu, wasu ƙarancin jini ne, nawa dai ba su ba ne. Har ta sa na ɗaga hannu biyu, ta ce in yi murmushi ta ga ko bakina ya karkace."

"Kika yi murmushi? Allah sarki nas, ta ga abin da mu ba mu taɓa gani ba."

"Ba ni saƙona, tsohuwa, na gaji."

Tsohuwa ta zaro leda daga jakarta, ta matsa ta naɗa mata maɗaurin a hannun, yaron yana kwance a gwiwar hannun hagu. Ta ja, bakin bai haɗu ba. Ta ƙara ja, bai haɗu ba.

"Kaka, za ki tsinke min hannu! Wannan na 'yar tsana ne?"

"Lafiyayye ne. Mai kemis da kansa ya auna."

"Ya auna wa?"

"Ya ce wane girma, na miƙa masa hannuna."

"Hannunki? Wannan tsinken?"

"To hannun wa zan miƙa? Ai hannu ɗaya gare mu. Yatsun nan da kike taƙama da su nawa ne, aro na ba ki. Ko masu zuwa kitso sun sani."

"An ce miki kumburi ne ya kawo ciwon, ke kuma kika auna busasshen kara!"

"Laifin wa? Wa ya ce ki ci abincin gidan miji har wuyan hannu ya yi kumatu?"

Na zaci za ta rama. Sai ta mayar da hannun ƙarƙashin kan yaron, ta lanƙwashe shi yadda muka tarar. Tsohuwa ta dube ta, ta dubi bayan ƙofa.

"Wa ya fasa kofi?"

"Ni." Ta dubi yaron. "Da safe na ɗauka. Ban ji ya bar hannuna ba, ƙararsa kawai na ji a ƙasa. Da hannun nan na ɗauko yaron daga gado kafin nan, Kaka. Da kyar na share, na dawo na zauna da shi. Tun lokacin ban ƙara miƙewa da shi ba. In na tashi ya zame fa, ban ji ba?"

Sai a lokacin na lura da kwanon abincinta a kan tebur, a rufe, cokalin a bushe.

"Ashe ba rashin kunya ce ta hana ki tashi ki gaishe ni ba," in ji tsohuwa. "Kin ɓata min rai, na riga na shirya zagi. Kawo shi."

"Hannunki rawa yake yi."

"Yana rawa, amma ya san abin da ya riƙe."

"Jiya Baba ya ce kin zubar da shayi a mota."

"Ubanki tuƙi ne bai iya ba. Shi kansa da hannun nan na raine shi, dube shi, ko lotsawa babu."

"Kan Baban fa akwai ɗan gefe."

"Wannan wajen ubansa ya gado."

Na shafa kaina. Tsohuwa ta zura maɗaurin a nata hannun, ya zauna mata daidai kamar don ita aka ɗinka. Sannan ta kai hannu baya ta zaro filon. Filon nan ko ni ban isa in ɗauke shi daga inda ta ajiye ba. Ta ɗora a cinyar jikarta.

"Kwantar da shi a nan. Cinya ta ɗauki tulu, hannu ya miƙe."

"Nas ma ta ce in sa filo. Namu duk sun yi laushi, nutsewa yake yi."

"Wannan ba ya nutsewa, halina gare shi. Zare hannun a hankali. A hankali na ce, ba kitso kike tsefewa ba."

Ta zare. Yaron ya motsa baki, ya ɓata fuska, tsohuwa ta dafa ƙirjinsa da hannun nan mai rawa, ya koma barci. Yarinyar ta miƙe yatsunta tana yarfe su, tana cije leɓe.

Na fito da rasit daga aljihu na ce a ba ni maɗaurin in je a canzo.

"A canzo me? An auna ni, nawa ne. Sayo mata wani. Ga zaren kitso can, auna hannunta da kanka, tunda ku komai sai da awo."

Na yanko zare, na zagaya wuyan hannun yarinyar, na ƙulla a daidai inda ya haɗu. Da na taɓa yatsun na tambaye ta ko ta ji. Ta ce sama-sama.

"Kin gani, Kaka? Kin zo duba mai jego kin tashi da tsaraba."

"Na bar filo. Kuma aro ne, Kumatu, kamar yatsun. Ranar da hannun ya farfaɗo, ni ce ta farko a kujerar can."

"Gashi nawa ya rage da za a kitsa?"

"Shi ya sa na zaɓe ki. Daidai ƙarfinki ne."

Yarinyar ta yi dariya, irin ta wanda dariyar ma aiki ce a wurinsa. Ta tura filon da yaron a kai, a hankali, daga cinyarta zuwa ta kakarta.

"Kin ci, tsohuwa. Riƙe angonki in ci abinci."

Ba ta kai ga kwanon ba. Ta jingina kai don ta ɗan huta, kafin in gama sa takalmi barci ya ɗauke ta, hannun a miƙe a gefenta.

Tsohuwa ta gyara zama, bayanta ba abin tokarewa. Ta rage murya.

"Yi sauri kafin su rufe. In ka dawo ka biya gida ka ɗauko min kayana, nan zan zauna. Kuma kada ka miƙa musu naka hannun."