Ranar da Auta Ya Yi Gudu

Akwai wani dattijo a garinmu, Baba Dogara, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana makanikanci a reluwe, har ya yi ritaya ba a taɓa jin notin da ya ɗaure ya kwance ba. Duk duniya, in ka ɗebe Allah da marigayiya matarsa Rahila, ba abin da yake ƙauna kamar wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na Lambun Walwala, wurin wasan nan da ke bakin gangare. Taragu uku gare shi da kai mai injin dizal, yara suna ce masa Auta. Lokacin da lambun ke lambu, Auta kan tashi daga bakin ƙofa, ya gangara ta tsakanin itatuwan mangwaro, ya sha kwana a bakin tafki, ya hauro. Minti bakwai cif. Kowace Lahadi in an tashi daga sujada, Dogara da Rahila kan hau tarago na farko, ita ta dafe ɗankwali, shi ya riƙe agogo. Da ta rasu, jirgin ma bai daɗe ba ya tsaya, ya shekara goma sha ɗaya bai ko yi tari ba.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, Sagiru, mutum mai waya biyu da ƙamshin turaren da ke riga shi shiga ofis. Masoya lambun suka yi murna, suka ce kakarsu ta yanke saƙa. Ashe abin da ya zo da shi yarjejeniya ce da wani kamfani mai yin Lemun Garɗi, kuma launin kamfanin ruwan goro ne.

Kafin wata ya zagayo, lambu ya koma kamar an ɓarar da tukunyar manja. Dawakin katakon nan masu juyawa, da akwai fari da akawal da bidi, duk suka zama ruwan goro, kuma ba su juyawa. Giwar siminti da yara ke sulmiyowa ta kan hancinta, aka toshe matakalarta aka ɗora mata ƙatuwar kwalba a ka. Lilon da sarƙarsa ta tsinke aka shafe shi har sarƙar. Tafki ya ƙafe tun bara waccan, aka bi bakinsa da buroshi. Kai, har tsohon kunkurun lambun, da yake bai cika sauri ba, an wayi gari da sunan lemo a bayansa.

Baba Dogara ya rubuta wasiƙa goma sha bakwai. Kowace da lambarta da kwanan wata, kowace ya ajiye kwafinta a cikin gwangwanin biskit. Abu ɗaya yake roƙo: a ba shi makullin rumfar inji. Ranar da ya kai ta goma sha bakwai da hannunsa, ya iske manaja yana magana da waya ɗaya, yana latsa ɗayar.

Ya ce, "Ɗana, famfon mai ne kawai ya toshe. Sai birki da ya yi tsatsa, sai katakon layin dogo guda tara da gara ta cinye a kwanar tafki. Ba na son lada. Makulli kawai."

Sagiru ya ce, "Haba Baba, kai fa ka cika son wahala. Mutanen yanzu hoto suke zuwa ɗauka, ba wanda ya damu da famfo."

"To birkin fa?"

"Za a kawo fenti a shafa sau biyu, ya koma sabo fil."

"Katakon fa da gara ta ci?"

"Shi ma haka, Baba. Sau biyu. Sabo fil."

Wannan ita ce amsar da kowa ke samu a ofishin nan. Wanda ya kai ƙarar benci mai ƙafa uku ita ya samo, wadda ta kai ƙarar famfon da ba ya kawo ruwa ita ta samo.

Daga baya labari ya fito cewa ran Asabar mai kamfanin, Hajiya Azumi, za ta zo bikin buɗe sabon lambu. Za a zagaya da ita a cikin Auta sau ɗaya. Kashegari kuma a kira mai walda ya like shi a bakin ƙofa, a cire kujeru, a mai da shi kantin sayar da lemo. Baba Dogara ya ji wannan, ya kwana biyu bai taɓa tuwo ba. Sai ga takardar gayyata, wai shi ne uban taro, zai zauna a tarago na farko kusa da Hajiya. Manaja ya lissafa cewa wanda aka ba kujerar gaba ba ya buɗe baki ya yi tsiya.

Tsoho ya goge tsohuwar kakinsa ta reluwe, ya sa hula, ya ɗauki agogo. A ransa ya ce ko ba komai ya raka Auta kushewa.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda jirgin da famfonsa ya toshe zai tashi. Da ya isa ya gane. An ɗaura wani ƙaton ƙyalle mai hoton kwalba a bayan tarago na ƙarshe, a ƙarƙashinsa kuwa ga ƙafafu takwas sanye da silifa. Ƙarti huɗu aka ɗauko daga tasha, masu dako. A kan jirgin kuma an ɗaure lasifika tana ta "cuku-cuku, cuku-cuku," ga wani ya cusa garwashi da ɗanyen ganye a bututun hayaƙi.

Hajiya Azumi ta zo, mace mai jiki da fara'a, ta gaishe shi har da russunawa. Ta ce, "Baba, an ce kai ne ka fi kowa sanin jirgin nan. Lafiyarsa ƙalau ko?"

Ya dubi manaja, manaja ya ƙifta masa ido. Tsoho ya ce, "Hajiya, ki dai riƙe ɗankwalinki."

Aka busa usur. Ƙarti suka yi nishi, Auta ya yi ƙara ƙiii, ya motsa. Jama'a suka ɗauki tafi. Sagiru na tafe a gefe da makirufo yana cewa, "Jama'a ku gani da idonku! Aiki ne ba surutu ba!"

Abin da bai sani ba, don bai taɓa buɗe wasiƙa ta huɗu ba, shi ne daga itacen mangwaro na uku ƙasa take fara gangara. Ƙarti suka ji nauyi ya ragu, suka ce madalla. Suka ji ya ƙara raguwa. Can sai suka ga hannuwansu a iska, jirgi ya bar su tsaye da ƙyalle a ka.

Auta ya miƙe. Ƙafafunsa suka fara wannan kiɗan na kan layi, taƙaƙas-taƙaƙas, wanda Baba Dogara ya shekara goma sha ɗaya bai ji ba sai a mafarki. Iska ta bugi fuskarsa, ganyen mangwaro na wucewa fuu. Tsohon da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ko a kasuwa ba sai ga shi ya miƙe tsaye, ya cire hula yana kaɗawa.

"Yauwa Auta! Haka nake so! Nuna musu, ɗan albarka!"

Hajiya ta ce, "Innalillahi! Baba, dama haka yake gudu?"

"Bai ma fara ba, Hajiya! Da Rahila na nan da kin ji guɗa!"

"A taka birki mana!"

Ya tsallaka kan jirgin, ya kama sandar birki da hannu biyu ya ja. Ko gezau. Fenti ya like ta, shafi biyu, tana ta ƙyalli. Ya waiwayo yana dariya har da hawaye, ya ce, "Birki sabo ne fil, Hajiya, amma ba ya aiki!"

A baya kuwa ga manaja ya tattare babbar riga yana bin su a guje, ya manta makirufo na hannunsa, duk lambu na jin hakinsa da "Wayyo Allah, ku tare! Ku tare shi!" Lasifikar jirgi kuma ba ta fasa ba, tana ta cuku-cukunta a natse. Manyan baƙin da ke tarago na biyu da na uku, wasu na salati, wasu na kiran Yesu, wani kuma ya rungume kwalin lemo kamar shi zai cece shi.

Baba Dogara ya hango kwanar tafki, ya tuna da katako tara. Ya san layin ba zai ɗauka ba, ya kuma san abin da ke gaba yashi ne zalla. Ya daka tsawa irin ta ma'aikatan reluwe, "Kowa ya zauna ya riƙe ƙarfe! A sunkuya!"

Katako ya ce ruƙus. Auta ya sauka daga layi, ya nufi wani makeken allon talla na ƙyalle da aka kafa a bakin tafki, ya shige ta tsakiyar kwalbar da aka zana a jikinsa ya fita ta baya, ya sulala cikin busasshen tafki, yashi ya riƙe shi a hankali har ya tsaya. Ƙura ta lafa. Aka duba, ba wanda ya ko ƙuje. Tsoho ya ciro agogo ya duba, ya ce, "Minti biyu da daƙiƙa goma. Bai taɓa yin haka ba."

Sai ga manaja ya iso a sukwane. Garaje ya hana shi ganin bakin tafkin da shi da kansa ya sa aka shafe, ya taka santsin fenti, ƙafa ta tafi, ya zo ƙasa tim a gaban Hajiya, waya ɗaya gabas, ɗaya yamma.

Hajiya Azumi ta sauko, ɗankwali a hannu, yashi har cikin kunne. Jama'a na jiran ta fashe da faɗa. Sai ta fashe da dariya, ta dafa kafaɗar tarago tana share ido. Ta ce, "Rabona da jin daɗi irin wannan tun ina 'yar firamare. Wannan ne za a mayar kanti? Wallahi ba da sunana ba. Baba, tsakaninka da Allah, jirgin nan zai gyaru?"

Ya ce, "A ba ni makullin rumfar inji da mako uku."

Ta miƙa wa manaja hannu. Yana kwance ya laluba aljihu ya ciro makullai, ta karɓa ta danƙa wa tsoho. Baba Dogara ya juya su a tafin hannunsa, ya zura a aljihun ƙirji, ya ɓalle maɓalli a kai.

Sagiru kuwa ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna yana riƙe da idon sawu. Ya ce, "Wayyo ƙafata! Ina jin ta karye! Baba, kai ne babba a nan, don Allah me za a yi mata?"

Baba Dogara ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya duba ƙafar sama da ƙasa kamar yadda yake duba inji. Sa'an nan ya miƙe ya ce, "A kawo fenti mana. A shafa sau biyu, ta koma sabuwa fil."