Yadda Ake Gyara Yoyon Famfo da Hasken Tocila Zalla

Idan bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanken kicin ɗinku yana ɗiga, matarka kuma ta gaji da kwashe bokiti har ta ce ranar Asabar za ta kira yayanta, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, yoyon zai tsaya cak ba tare da hannunka ya taɓa bututu ba. Na gwada a gidana, kuma ya yi aiki.

Da farko ka san abin da kake karewa. Katakon kabad ya riga ya kumbura, wannan ya wuce. Mutuncinka ne a kan siraɗi. Yayan matarka mai gyaran famfo ne, kuma tun ranar da ka ɗaura labule ya faɗo wa baƙi a ka yake kiran ka Injiniya. Yau shekara tara ke nan. In ya shigo da jakar kayan aikinsa ya gama cikin minti uku, labarin zai zaga dangi kafin ya kai bakin titi.

Mataki na ɗaya: Ɗora wa duhu laifi

Ranar Litinin ka shiga kicin, ka buɗe ƙofar kabad da ƙafa. Kada ka durƙusa, durƙuso alamar za a yi aiki ne. Ka ɗan sunkuya, ka yi tsaki, ka girgiza kai.

"Ai ba a ganin komai a nan. Wa zai yi aiki a cikin wannan duhun?"

Matarka za ta miƙo maka wayarta. "Ga fitilar waya, Abban yara."

Ka yi mata murmushi irin na tausayi. Ka gaya mata fitilar waya ta neman takalmi ce a ƙarƙashin gado, aiki irin wannan sai da kayan aiki na gaske. Da wannan maganar kaɗai ka samu kwana guda.

Mataki na biyu: Zaɓi tocila

Ranar Talata ka nufi shagon kayan lantarki. Kada ka kalli ƙananan tocila, waɗannan na masu niyyar gyara ne. Ka ce a sauko maka da wadda ke can sama, mai girman kwalbar ruwa, mai kwali baƙi da hoton dutse da walƙiya.

A jikin kwalin za ka ga lamba, a gefenta an rubuta lumen. Ma'aunin ƙarfin haske ne, amma kai ba ruwanka da ma'anarsa. Sifili kawai za ka ƙirga. Duk tocilar da sifilinta bai kai huɗu ba, raini ce.

Mai shago zai tambaye ka, "Yallaɓai, gadi za a yi da ita ko farauta?"

Ka ce, "Aikin gida ne."

Zai dube ka, ya dubi tocilar. Daga nan zai ce tana haska abin da ke nesa da kilomita guda, ruwa ba ya shiga ta, ko mota ta taka ta ba abin da zai same ta. Bututun naka kamu biyu ne daga hancinka, kuma babu motar da ke bi ta kicin ɗinku. Duk da haka ka saya. Mai hikima yana shirya wa abin da ba zai taɓa faruwa ba, don ya samu uzurin barin abin da ke gabansa.

A kusa da inda ake biyan kuɗi za ka ga sufana a rataye. Ka kawar da kai.

Mataki na uku: Caji

Takardar cikin kwali ta ce awa huɗu. Kai ka ce cajin farko sai ya yi yini cur, in ba haka ba batir zai lalace. Babu mai musu da mutumin da ke riƙe da takarda. Laraba ta tafi.

Mataki na huɗu: Koyar da iyali

Ranar Alhamis ka tara su a falo bayan ka dawo daga aiki. Tocilar tana da maɓalli ɗaya amma hali biyar: haske mai ƙarfi, matsakaici, ƙarami, mai walƙiya kamar motar asibiti, sai na neman agaji. Kuma ba ta mutuwa sai ka bi ta kan dukkansu, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari tabbas yana da wata ƙullalliya da ɗan Adam.

Ka haska silin. Nan take za a ga yanar gizo-gizo, da tsagar bango, da inda fentin da ka shafa bara ya tsaya a rabi. Maza ka sauke hannu. Wannan ce babbar illar haske mai ƙarfi: ba ya zaɓen abin da zai nuna.

Matarka za ta wuce ta gabanku da bokiti cike taf, ta karkace gefe guda saboda nauyi, ɗayan hannun a ƙugu. Sau uku ke nan yau.

"Abban yara, a nan falo bututun yake yoyo?"

Ka ce gwaji ake yi. Ka haska mata hanya zuwa banɗaki, ka ga ke nan ka taimaka.

Mataki na biyar: Kusanci abokin gaba

Juma'a ce, ba sauran mafaka. Ka canza riga, ka naɗe hannu, ka shimfiɗa kwalin tocilar a ƙasa don gwiwa. Ka cusa kai cikin kabad, tsakanin robar sabulu da tsohuwar tukunya, ka danna maɓalli.

Abin da zai biyo baya ba a rubuta shi a takarda ba. Bututun ƙarfe ne mai sheƙi, cikin kabad kuma fari. Duk sifilin nan da ka ƙirga a shago za su daki bututu su dawo cikin idonka a tare. Za ka zabura, ƙeyarka ta gaisa da katako. Za ka danna don ka kashe, ta rage haske. Ka sake dannawa, ta ƙara ragewa. Ka sake, sai walƙiya. Yanzu kana durƙushe a cikin kabad, ido na hawaye, kicin na ƙyafƙyaf, tocila ta yi zafi a hannunka, gwiwar hannunka kuma ta ture bokitin.

Kada ka yi ƙoƙarin riƙe ta da baki kamar yadda ka ga masu gyara suna yi. Tasu ƙarama ce.

Ka fito da baya-baya, wando jiƙe, kana ganin koren tabo a duk inda ka duba. Ka miƙe ka ce, "Na gano matsalar. Babba ce. Sai an nazarce ta."

Matarka za ta ɗauko tsumma ta tsane ruwan, sannan ta ɗauki waya ta shiga ɗaki. Za ka ji ta ce, "Yaya, don Allah gobe ka biyo." Kada ka tsorata. Har yanzu muna kan tsari.

Mataki na shida: Karɓi yabo

Ranar Asabar da hantsi zai yi sallama, jaka a kafaɗa, dariya tuni ta cika masa baki.

"Injiniya! An ce ka sayo rana ka ajiye a gida. Kawo mu gani."

Ka miƙa masa. Zai durƙusa, ya danna sau uku ya sa ƙaramin haske, abin da kai bai taɓa faɗo maka a rai ba. Zai shafa bututu da yatsa. Ya sake shafawa. Ya leƙa bokiti, ya ga ƙasansa a bushe. Ya kama notin roban da ke haɗa bututun biyu ya gwada murɗawa, ya ji shi gam.

"Ah, to ai an gyara. Notin ne ya saki, wani ya ɗaure shi. Wa ya yi?"

A nan ne za ka yi aikin da ya fi kowane wuya a wannan darasi, wato ka rufe bakinka. Matarka tana tsaye a bakin ƙofa tana goge hannu. Ba za ta dube ka ba.

"Abban yara ne, Yaya. Da safen nan ya ɗaure. Na manta ban kira ka na ce ka bari ba."

Kai kuwa da safen nan barci kake. Ka dubi hannunta, za ka ga sabon ƙarce a bayan yatsunta biyu, inda gefen katako ya kama ta. Ba da sufana ta yi ba, ba da tocila ba. Hannu ta zura ta laluba ta murɗa.

Yaya zai miƙe ya dafa kafaɗarka. "Kai, ashe dai sunan ya fara bin ka! To Allah ya ƙara basira."

Ka ce amin. Ka raka shi har bakin titi, ka ɗaukar masa jaka.

Ka ga alkawari ya cika. Yoyo ya tsaya, hannunka bai taɓa bututu ba, dangi ba su ji komai ba.

Bara'a

Marubucin wannan darasi ba shi da alhakin koren tabon da ke idonka, ko ƙullutun ƙeyarka, ko katakon kabad. Ba shi da alhakin kunyar da za ta rufe ka in ka dawo daga rakiya ka tarar da ita tana wanke kofuna ba ta ce maka uffan ba. Ni na fi son a ce zagina ta yi, wallahi da na fi samun sauƙi.

Haka kuma kada a neme ni a kan abin da zai biyo baya. A gidana, tun daga ranar, ƙwan fitilar banɗaki ya mutu, marfin taga ya karye, ƙafar kujera ta saki. Duk an gyara su, ban san yaushe ba. Wata huɗu ke nan matata ba ta sake ce mini in duba komai ba.