Rasuwar Kujerar Ina-Zuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu ciwo tun ba yau ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da matan layinmu waɗanda na san sun riga sun ji amma za su yi kamar ba su ji ba, rasuwar kujerar katako mai hannu biyu da ke kusurwar falonmu, tsakanin taga da ƙofar kicin. Ta rasu ranar Talata da la'asar tana da shekara bakwai, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani, ba wanda ya duba.

Ni na sa kafinta ya yi marigayiya, lokacin da matar ɗana ta haifi autarta. Na ce masa ya yi ta da faɗi, ya ɗan kwantar da bayanta, a sa matashi mai laushi, don mai ita nas ce a asibiti, a tsaye take yini. Ranar da aka kawo ta, 'yar nan ta shafa hannun kujerar ta ce, "Kai Inna, wannan ai ta sarauniya ce." Na ce to zauna mu gani. Ta ce, "Ina zuwa." Ta shiga kicin.

Jama'a, shekara bakwai ke nan ba ta zo ba.

Waɗanda ba su san gidanmu ba su sani, wannan kalma ita ce sunanta a layi. A kira ta daga ɗaki, ina zuwa. A kira ta daga asibiti, ina zuwa. Abinci na gabanta ta kai loma baki, wani ya ce ina safata, ina zuwa. Kuma tana zuwa ɗin, ba ta taɓa saɓa wa kowa ba. Kujerar nan kaɗai ta yi wa alkawari ba ta cika ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da yawan magana. Idan an zauna a kanta takan ce ƙiii, sau ɗaya, a hankali, kamar mai cewa sannu da zuwa. Ni dai idona ya yi rauni amma kunnena na nan, ko matar mai shago ta shaida, don haka na ƙirga. Sau uku na ji ta yi wa mai ita wannan ƙiii ɗin. Na farko ta zauna ɗaure takalmi. Na biyu ta zauna cire wa autar ƙaya a ƙafa. Na uku ta zauna da kofin shayi, har na fara murna, sai madara ta yi bori a wuta. Shayin nan ni na shanye shi da sanyinsa, don kada a yi asara.

Da ta ga ba a zama, sai ta karɓi wasu ayyukan ba tare da ƙorafi ba. Ta ɗauki wankin da ba a goge ba, da gugar da ba a ninke ba. Ta ɗauki jakunkunan makaranta uku kullum. Ta taɓa riƙe buhun shinkafa wata guda. Ɗana ya taka ta ya canza ƙwan lantarki, ya sauka bai ce mata sannu ba, halinsa ke nan tun yana ƙarami. Ashe kujera ma gadon mai ita take yi: kowa ya shigo da kaya a hannu, can yake saukewa.

Ciwon ajali ya fara bara, a ƙafar baya ta hagu. Muryarta ta canza daga ƙiii zuwa ƙyar-ƙyar. Kafinta ya zo gyaran ƙofa ya duba ta, ya ce ƙusa biyu ne da gam, amma a sauke mata kaya a kawo masa ita shago. Ba sai na faɗa muku abin da aka amsa masa ba.

A wannan shekarar ce kuma na fara ganin 'yar nan tana dafa bango idan ta miƙe. Tana haɗiyar maganin ciwon kai a tsaye, ba ko ruwan kirki. Matar da ke auna jinin mutane tana musu faɗa su huta, nata jinin ba ta san inda ya kai ba. Na gani. Na kuma ba matar mai shago labari tsaf, har da kwaikwayon yadda take dafa bangon. Ita dai ce ban gaya wa ba.

Ranar Talata ta dawo daga aiki, ko fararen kayan ba ta cire ba. Ta tsaya tsakiyar falo ta ce, "Inna, ɗakin nan juyawa yake, bari in zauna." A shekara bakwai, ranar ce ta fara neman kujerar da bakinta. Gugar sati guda tana jibge a kan kujerar. Ta zauna a bisa kayan haka nan. Marigayiya ba ta ce ƙiii ba. Ta ce ƙaras, ta tafi, suka zube tare.

Ni da sandata na kasa ɗaga ta. Na yi ta kiran sunanta, yarinyar da ba a kira sau biyu, shiru. Maƙwabciyarmu matar direba ce ta ji ihuna ta shigo ba ko mayafi, ta tallafe ta, mijinta ya kai su asibiti. Abokan aikinta da suka auna ta, ɗaya sai da ta sake aunawa, ta zaci na'urar ce ta lalace. Likita ya rubuta mata hutun sati biyu, ya ce idan aka sake kawo ta haka, ba shi da tabbacin da ƙafarta za ta fita.

Kwana biyu da sallamo ta na kama ta da tsintsiya.

Marigayiya ta rasu ta bar matashi guda, sabo fil, ko lotsawa bai yi ba. Ta bar yayarta doguwar kujera mai kallon talabijin, wadda ɗana ya yi wa rami a tsakiya har mutum na iya ɗiban ruwa a ciki. Ta bar dutsen guga, da tsintsiya, da wayar mai ita, waɗanda ba na yi musu ta'aziyya don da hannunsu a ciki. Ta kuma bar ni, ni ma da hannuna. Sau nawa na ƙwala mata kira ta nemo min tabarau yana bisa goshina? Sau nawa ta dawo a gajiye na tsare ta sai ta gaya min wa ya haihu, wa aka kwantar? Ni da na yi ƙuruciyata a tsaye, ban koyi zama ba sai da gwiwa ta ƙi ni, da na zauna kuma shayin ma ya daina min daɗi. Ni ya kamata in fi kowa sani.

A nan nake neman yafiyar matar direba. Shekara biyar ina yawo da ita a baki, wai tana rufe ƙofa ta kwanta da rana tsaka, yara na bugawa ta ce ba ta nan. Na ce raguwa ce. Ashe ita kaɗai ce mai hankali a layin nan, shi ya sa ta sami ƙarfin ɗaga tamu. Sauran abin da na faɗa a kanta, na maganar gashin nan, yana nan yadda yake.

Kafinta zai zo ɗaukar gawa ranar Asabar da hantsi. Ya ce da ƙafa ukun da suka rage zai yi ɗan abin ɗora ƙafa, matashin ya hau kai. Kalmar ina zuwa za a tafi da ita tare da gawar, kada in sake jin ta a gidan nan.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana goma sha huɗu cif, daidai da takardar likita. Mai rashi za ta zauna a doguwar kujera, cikin ramin mijinta, kuma kowa ya san mai karɓar gaisuwa ba ta tashi. Masu zuwa su sha ruwansu daga gida. Mai neman safa ko cokali ko takardar makaranta ya tambayi ɗana, na nuna masa hanyar kicin jiya, ya yi mamakin kusanta. Wayarta tana wurina, inda na ɓoye ta ba mai sa hannu sai marar kunya.

Wanda ya zo ya tarar tana barci, ya yi min gaisuwar a hankali a bakin ƙofa, ya ba ni labari idan da akwai, ya tafi. Wanda ya tashe ta kuwa, sandata na nan. Su biyu na gani kwance a ƙasa ranar Talata, jama'a. Ɗaya kawai na yarda in rubuta wa sanarwa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya bar mana mai kujera.

Sanarwa daga surukar mai rashi, a madadin iyalai.