Rasuwar Fulas ɗin Shayin da Ba a Sa Sunansa a Mujalla Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Raki Abdulsalami ta unguwar Withington a Manchester nake sanar da rasuwar fulas ɗina na shayi, jan nan mai zanen fure da Hajiyarmu ta cusa mini a akwati ranar da zan baro gida.

Marigayin ya ƙarar da rayuwarsa a hidimar ilimi. Da jami'armu ta haɗa kai da ta Birmingham don gwada ingancin wata takardar tambayoyi da aka mayar Sinanci, mai gano ciwon kumburin gaɓoɓi tun yana ɗanye, ni aka tura wurin tsofaffin Sinawa na Manchester, ni da tafinta. Tsofaffin nan akwai kunya da dauriya. Duk tambayar da aka yi musu, amsar ɗaya ce, wai lafiyarsu ƙalau. Sai marigayin ya yi "fsss", ya yi "ƙululul" cikin kofi, ƙamshin citta ya tashi. Tsohuwa ta rungumi kofin da yatsunta masu kumburi, ta yi shiru, can sai ta fara ba da labarin yadda hannunta ke wayar gari a sandare har ba ta iya ɓalle maɓallin riga. Da haka muka sami amsoshin gaskiya, da haka aka tura da yawansu wurin GP, wato likitan unguwa, kafin ciwon ya lanƙwasa musu yatsu.

Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa babu network ba. Ban ambaci sunan kowa ba, amma tablet, wato kwamfutar hannu, ta takwarana Dakta Jedidiah Nyam na unguwar Selly Oak a Birmingham ta san da wa nake.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da sakamakon binciken ya fito a mujalla. Sunan Jedidiah ne a farko. An gode wa tablet, an gode wa ɗakin taron Birmingham, har hoton tablet ɗin aka buga. Nawa sunan yana can ƙarshe, sai mai haƙuri zai kai gare shi. Na marigayin kuwa babu. Ina taya Jedidiah murna, ɗan ƙasarmu ne, amma wallahi abin ya ci mini rai, kuma har yau yana ci. Tun daga ranar marigayin ya daina riƙe zafi. A jirgin ƙasa, kan hanyarmu ta dawowa daga walimar da aka shirya wa Jedidiah, ya gangaro daga kan tebur. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "tas".

Ya rasu ya bar murfi ɗaya, da kofuna marayu, da sauran citta a leda, da takardar tambayoyin da ya yi rainonta, wadda yanzu kowa ke kira 'yar Birmingham.

Za a yi masa rakiya ranar Talata da safe, lokacin da motar hukumar gari ke zuwa kwasar shara, a ƙofar flat ɗina. Ana karɓar gaisuwa a kicin, sai dai kowa ya zo da shayinsa. Mutanen Birmingham ma suna iya zuwa, ba mu hana ba. An tanadar musu wuri a sahun ƙarshe, daidai inda suka ajiye sunana.