Yadda Ake Wanke Kai Idan Akori-kurar Kaka Ta Kama Tari

Ke da kika kwance kan injin tsohuwar akori-kura da littafi a hannu, kika sa sabon gasket, shimfiɗar da ke liƙe kan inji da jikinsa, kika ɗaure, gari ya waye mota tana tari kamar tsohon mashayin taba: kwantar da hankalinki. Matakan nan an gwada su a kan Bu Dahui, 'yar wani ƙauyen manoman lemo a tsibirin Jeju. Ki bi su, na yi miki alkawari babu mai ɗora miki laifi. (Kusan babu. A yi haƙuri, za mu zo wurin.)

Motar ta marigayi kakan Dahui ce, ta girme ta da shekara tara. Baffanta Chunbae ya riga ya yanke hukunci: in ba ta kai akwatunan lemo rumbun ƙungiyar manoma ranar Asabar ba, sai 'yan gwangwan, Kaka kuma, matar marigayin, ta bar gona ta koma gidansa a birni, hawa na goma sha huɗu, inda ko zakara ba ya cara. Dahui, wadda ko agogo ba ta taɓa kwancewa ba, ta ce ita za ta gyara. Talata ta gama sa gasket, mota ta tashi lafiya lau. Laraba ta soma tari.

1. Ɓoye notin da ya yi saura

Duk gyaran kirki yana barin noti ɗaya, kamar yadda duk biki yake barin takalmin da ba a san mai shi ba. Dahui ta tsinci nata a gindin taya, ta jefa aljihu, ta rantse a ranta shi ne ajalin motar. Kada ki sa shi aljihu ɗaya da makulli. Yana ƙara, mai laifi kuma kunnensa ya fi na kowa.

2. Yi magana kamar littafi

Zaro sandar awon baƙin mai, ki ɗaga ta sama, ki ce "hmm". In man ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga, kin shiga uku. Na Dahui baƙi ne wuluk. Leƙa lagireto ko yana kumfa. Bai yi ba. Sannan ki zagaya wajen salansa: farin hayaƙi na gasket ne, baƙi kuwa, in ji shafi na ɗari da sha biyu, inji ne ba ya samun iska. Hayaƙin baƙi ne, har ya shafa wa Baffa gawayi a farin wando. Dahui ta karanta shafin sau uku ba ta gan shi ba, don hankalinta yana aljihu.

Baffa ya tambaye ta ko littafin nata ya faɗi shafin da ake kiran 'yan gwangwan. Ta ce tana kan bincike. Riƙe wannan kalmar, tana sayen kwana guda.

3. Tara dattawa

Laifin da aka raba wa mutum biyar ba ya kashe kowa. Ranar Alhamis tsofaffin unguwa suka kewaye bonet, hannuwa a baya. Wannan ya ce fulogi, wancan ya ce kafireto, na uku ya ce motar kewar mai ita take yi, ya share hawaye, ya nemi a kawo lemo. Suka sauya wa wayoyin fulogi wuri, mota ta yi harbi kamar bindiga, suka watse da sauri irin na samari. Sai da Dahui ta ɓata yini tana mayar da wayoyin.

Kaka dai tana gefe tana tsince lemo.

4. Kada ki kula kuliyoyi

Kuliya ba ta cikin littafi. Ranar Laraba kuliyoyi biyu ne a kan bonet, Alhamis biyar, Juma'a tara, dukkansu sun ƙura wa gefen dama na injin ido kamar masu jiran a buɗe kanti. Ƙwararre ba ya karɓar shawarar dabba. Dahui ta kore su da tsintsiya har sau huɗu, kafin wani ɗan baƙi ya cusa kai cikin bututun da inji ke shaƙar iska, ya ƙi fitowa.

5. To, ki kula su

Ta janye shi ta wutsiya, ta zura hannu, ta taɓa wani abu mai kaushi. Busasshen kifi ne, baki buɗe, ido buɗe, an naɗe shi da farin zare kamar yadda ake yi wa kowace mota a al'adarsu don idon da ba ya rufuwa ya yi mata gadi. Injin ya zuƙe rabin zaren ya toshe iyakilina, matatar iskarsa, tam. Nan take ta tuna yammacin Talata: Kaka tana yayyafa giyar shinkafa a tayoyi huɗu, tana mitar cewa kifin bara a bayan kujera aka ɗaure shi, kuliyoyi suka cinye. Bana ta samo masa maɓoya.

Dariya ta taso wa Dahui. Ba ita ba ce! Gasket ɗinta lafiya! Nan ne, 'yar'uwa, za ki ɗaga kifin sama kowa ya gani.

6. Wannan matakin ya ɗan karkace

Baffa ya taho yana tambayar me ta gano. Shi ne wanda tun bazara yake tara hujjar cewa Kaka ta fara rikicewa: ta bar tukunya a wuta, ta kira shi da sunan babansa. Kifi a hancin inji kuwa, ai ko mota ta tashi, Kaka ta hau bene. Dahui ta dubi Kaka. Hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan lemo.

Dahui ta tura kifin da zaren cikin rigarta, ta fito da notin.

"Ni ce, Baffa. Na manta wannan."

"Noti ɗaya? Kwana uku? Malama mai littafi!"

Ta sunkuya ta yi ta juya sifana a inda babu komai, ta mayar da notin aljihu, ta murza makulli. Mota ta ɗauka ɗiris, sumul kamar ba ita ba. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira mutum uku a waya ya ba su labari, bai ko tambayi dalilin da kuliyoyi tara suka bi 'yar ɗan'uwansa har ɗaki ba.

Asabar lemo ya isa rumbu, sahu huɗu. Da rana Kaka ta ajiye mata kwanon miyar busasshen kifi mai ɗan ƙanshin fetur, ta zauna tana kallonta har ta kai cokali baki.

"Sha, bakanikiya. Kifin ya gama gadinsa." Ta miƙo tafin hannu. "Ki ba ni notin barona na kwasar lemo kuma. Tun Talata yake ɗingishi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya: harbin salansa, farin wando, ciwon ciki, ko sunan "Noti Ɗaya" da ƙauye zai kira ki da shi har ki yi jikoki. In kin bi matakan nan kika ƙare da laifi a kanki, ki kai ƙara wurin kuliyoyi. Su suka san komai tun Laraba.